SANA'AR ƊAUKAR HOTON BIKI: KAYAN AIKI, FARASHI DA RIƘON AMANA

Gabatarwa

Da wuya a yau mutum ya shiga ɗakin amarya a Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Maraɗi, bai tarar da hoton ranar bikinta rataye a bango ba, ko kuwa albam ajiye domin baƙi su riƙa dubawa. An ci shinkafar biki an wanke tukwane, lalle ya goge, anko ya koɗe, amma hoto yana nan yana ba da labari har ga jikoki. Duk da haka, idan an zauna lissafin hidimar biki, mai hoto ne a kan tuna da shi daga ƙarshe, kuma shi a ke yi wa tayin wulakanci. Sai ka ji ana cewa, "Wai mene ne abin wahala a ciki? Ba danna ɗan maɓalli ba ne kurum? Ai ko yaran gida suna yi da waya."

Nufin wannan ɗan rubutu shi ne ya amsa wannan tambaya. Na yi shi domin 'yan'uwana 'yan makaranta, musamman waɗanda su ke shirin fita, su ke kuma sha'awar wannan sana'a, da kuma iyayenmu waɗanda su ne masu biyan kuɗin. Abin da za mu gani shi ne, kuɗin da a ke ba mai hoto kuɗin abu uku ne: kayan aiki masu tsufa, da aikin ɓoye wanda ba a gani a wurin biki, da amanar ranar da ba ta maimaituwa.

Taƙaitaccen Tarihi

Kimanin shekara 1,000 da su ka wuce, wani masani mai suna Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya bayyana yadda haske ya ke shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar huda, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, amma a kife. Kowace kyamara ta duniya ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu irin wannan. A 1839 aka bayyana wa jama'a a Faransa dabarar Louis Daguerre ta kama surar ta zauna a kan farantin ƙarfe. A 1888 kuma George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda ko ba gwani ba ya na iya riƙewa.

Mutanen Afirka ta Yamma ba su yi sanyin jiki wajen kama sana'ar ba. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki shahararren hoton nan na Oban Binin Ovonramwen a 1897, bayan Turawan Ingila sun kama shi. A Bamako, Saidu Keita ya buɗe shagonsa a 1948, ya na ɗaukar talakawan gari cikin kwalliyarsu. Malik Sidibe, shi ma na Bamako, wanda ya yi suna wajen bin bukukuwa da wuraren rawar samari, ya sami babbar lambar girma a baje kolin zane-zane na birnin Venice a 2007. A nan Nijeriya kuwa, J. D. Okhai Ojeikere ya fara tara hotunan kitson mata a 1968, har ya ɗauki wajen 1,000. Waɗannan mutane neman abinci su ka fita yi, amma ga shi aikinsu ya zama taskar tarihi.

A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 36 ya ke ɗauka, saboda haka kowace dannawa kuɗi ce. Sai an kai an wanke, an duba dodon hoto, sa'an nan a san abin da aka samu. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Kamfanin bai rungumi sabon abin da wuri ba, har a 2012 ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Yanzu mai hoto ya kan ɗauki fiye da 1,000 a biki guda ba tare da sayen fim ba. Amma tsadar ba ta tafi ko'ina ba, wuri kawai ta sake: ta koma kan kayan aiki da kan lokaci.

Kayan Aiki

Na farko, uwar kyamara. Waɗanda aka fi gani hannun masu hoton biki su ne Canon da Nikon da Sony, dukansu na kamfanonin Japan. Gwani ba ya zuwa biki da kyamara ɗaya, domin in ta tsaya ana tsakiyar ɗaurin aure, ba wanda zai ce wa liman ya dakata. Manyan kyamarori kuma suna da ramin katin ajiya guda biyu, kowane hoto ya na sauka a kansu duka, don ko ɗaya ya lalace ɗayan na nan.

Na biyu, idon kyamara, watau gilashin nan da a ke ɗaura mata a baki. Shi ne ya fi komai tasiri ga kyan hoto, wani ma ya fi uwar kyamarar tsada. Ana auna shi da milimita. Mai lamba 50 ya na gani kusa da yadda idon mutum ke gani, ga shi da sauƙin kuɗi, shi ya sa ya dace da mai koyo. Mai lamba 85 shi ne sarkin hoton fuska, don ba ya kumbura hanci, ya na kuma dusashe abin da ke bayan mutum. Mai 24 zuwa 70 ya na buɗewa ya kwashi taron dangi a tsakar gida mai ƙunci. Mai 70 zuwa 200 kuwa ya na jawo na nesa, yadda za a ɗauki waliyyai da manyan baƙi ba tare da an tsallake dattawa ba.

Na uku, fitilar walƙiya da laimarta mai tausasa haske. Na huɗu, batura da katunan ajiya masu yawa. Na biyar, kwamfuta ta gyaran hoto da ma'ajiyar da a ke zuba aiki a ciki. Sai janareta ko na'urar hasken rana, tun da wutar lantarki ba ta da alkawari.

Mallakar kaya dabam, iya aiki da su dabam. Abu uku mai hoto ke juyawa a kowane lokaci. Akwai faɗin ƙofar haske: a buɗe ta sosai, kamar lamba 1.8 ko 2.8, sai amarya ta fito tas, bayanta ya dushe. Amma in jama'a sun yi sahu uku, sai a matse ta zuwa 8 domin kowa ya fito. Akwai saurin ƙiftawa: kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa ya isa ga wanda ke tsaye, amma mai rawa ya na bukatar 1 cikin 500, in ba haka ba hannunsa ya zama hayaƙi. Akwai kuma ƙarfin jin haske, wanda a ke bari a 100 da rana, a ɗaga shi zuwa 1,600 ko fiye da dare, sai dai in ya yi yawa hoton ya kan yi tsakuwa-tsakuwa. Wanda ya taɓa ɗaya dole ya gyara aƙalla ɗaya daga cikin sauran biyun. Ashe darasin haske da mu ke yi a ajin kimiyya, da na ɓangarori a ajin lissafi, ba aikin banza ba ne.

Ƙasarmu kuma ta na da nata jarrabawar. Sau da yawa da rana tsaka a ke ɗaura aure, ango ya sha farar shadda mai ƙyalli, ga hula ko rawani ya jefa inuwa a fuska. In an bar kyamara ta yi wa kanta hukunci, farin rigar zai ruɗe ta, ta rage haske, fuskar ango ta yi duhu ƙirin. In kuma aka ƙara haske don fuska, aikin zaren da ke wuyan riga, wanda aka biya maɗinki kuɗi mai yawa a kansa, sai ya ɓace. Gwani ya kan ja ango zuwa inuwar zaure ko ta bishiya, ko ya kunna fitila da rana domin ta cike inuwar fuska. Sa'an nan ga ƙurar hunturu, wadda in ta shiga cikin kyamara lokacin sauya ido, ɗigo zai bayyana a wuri ɗaya a kan kowane hoto.

Aikin Ɓoye

Mu 'yan biki abin da mu ke gani shi ne mutum ya zo da jaka, ya yi awa huɗu ko biyar ya na kai da kawowa, ya ci abinci ya tafi. To, a nan ne rabin aikin ya ke farawa. Da ya isa gida, kafin ya kwanta, sai ya kwafe hotunan. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi a wani wuri dabam, saboda gobara ko ɓarawo. Bayan haka sai tankaɗe da rairaya: a fid da wanda aka rufe ido, da wanda wani ya gitta, da wanda ya yi dishi-dishi. Waɗanda su ka tsira kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya ana daidaita haske da launi. Sai tsara albam shafi-shafi, a kai gidan wanki, a duba, a kai wa masu shi.

Yadda A Ke Yanke Farashi

Bari mu yi lissafi irin na allo. Alƙaluman nan na misali ne. Mai son gwadawa sai ya sa farashin kasuwar garinsu a gurbinsu.

A ƙaddara wani saurayi ya sayi kyamara a kan Naira 1,500,000, idanu biyu 900,000, fitila da batura da katuna 300,000, kwamfuta da ma'ajiya 900,000. Jimla 3,600,000 ke nan. Waɗannan kaya ba gado ba ne, tsufa su ke yi. Marfin da ke ƙiftawa cikin kyamara ma ya na da adadin da aka yi masa kiyasi, daga wajen 100,000 a ƙanana zuwa 500,000 a manya. A ce kayan za su yi shekara 4. Watau kowace shekara suna cin 900,000. In ya na samun biki 30 a shekara, kowane biki ya na ɗauke da 30,000 na tsufan kaya.

Hayar shago, da mai na janareta, da kuɗin intanet, da gyare-gyare, a ce 600,000 a shekara. A raba 30, ya zama 20,000. Sa'an nan abin da bikin kansa zai ci: albam 60,000, babban hoton bango 25,000, kuɗin mota 15,000, sallamar yaron da ke riƙe fitila 20,000. Wannan 120,000 ne. In an tara duka, 170,000 sun fita tun mai hoto bai sayi ko ƙullin gishiri ba.

Yanzu lokaci. Zama da masu biki awa 2. Kamu da ɗaurin aure da walima, awa 5 kowanne, 15 ke nan. Zirga-zirga awa 3. Zaɓe da gyara awa 16. Albam da gidan wanki awa 4. Jimla awa 40, watau aikin mako guda cur.

In ya karɓi 200,000, abin da ya rage masa 30,000 ne. Biki 30 ya ba shi 900,000 a shekara, ko 75,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Ka ga mutumin da a ke yi wa kallon mai tsada da ƙyar ya ɗara ƙaramin ma'aikaci, alhali ya zuba jarin miliyoyi.

Amma babban haɗari ya na kan wanda ya karya farashi don ya ƙwace ciniki, ya karɓi 150,000. Zai biya 120,000 na albam da sauransu, ya ga 30,000 a aljihu, ya ce ya ci riba. Bai sani ba faɗuwar 20,000 ya yi, uwar kuɗi ya ke ci da kaɗan-kaɗan. Ba zai farga ba sai ranar da kyamara ta mutu, ya duba bai ajiye kuɗin wata ba. Irin wannan ne ke rufe shagunan samari masu basira, ba rashin iya hoto ba.

Akwai kuma wani abu. Duk kayan nan daga waje a ke shigo da su, da dala a ke sayensu. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya ta na wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500. A shekarar 2023 ɗin kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na janareta su ka tashi. Saboda haka mai hankali ba ya lissafi da kuɗin da ya sayi kyamara jiya, sai da kuɗin da zai sayi madadinta gobe.

Don sauƙaƙa ciniki, masu hoto da yawa su kan kasa aikinsu kashi uku: ƙarami, na ɗaurin aure kaɗai, a ba da hotuna a waya, matsakaici, da kamu da albam, babba, na dukan kwanakin biki, da bidiyo da hoton bango. Wannan ya na da kyau, domin in kuɗin mai biki bai kai ba, sai a rage aiki maimakon a karya farashi.

Yarjejeniya Da Amana

Cinikin biri a sama ba ya ƙarewa lafiya. Kamata ya yi a rubuta komai a takarda, kowa ya sa hannu: ranaku da wurare, awa nawa, hoto nawa za a gyara, albam mai shafi nawa, ranar da za a kawo aiki, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a cika, da abin da zai faru in an ɗaga biki. Kafin alƙalami ba rashin yarda ba ne. Wanda ya riƙe maka ranar Asabar ya sallami duk wani mai nemansa a wannan rana. Shi kuma mai hoto, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ya zo kafin lokaci, ya kawo aiki ranar da ya ɗauka.

Amana ta fi wannan zurfi. Mai hoto ya na shiga inda baƙo ba ya shiga, ya na ganin matan gida cikin kwalliya da raha. Sau nawa aka ji an sami saɓani tsakanin dangi saboda an wayi gari an ga hoton amarya a Instagram ko Facebook, mai hoto ya sa don tallar shagonsa ba da izini ba? Wannan cin amana ne, kuma doka ba ta bar shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba wanda ya ɗauki hayar mai hoto don hidimar gidansa ikon hana a yaɗa hoton ga jama'a, sai fa in sun yi wata yarjejeniya dabam. A tambaya tukuna. In an ce a'a, shi ke nan.

A nan ne 'yan'uwanmu mata su ke da babbar dama. Gidaje da yawa ba su yarda namiji ya shiga wurin sa lalle ko kamu ba, sun fi sakewa da mace 'yar'uwarsu. Yarinyar da ta ƙware a wannan aiki ta na da kasuwar da namiji ba zai taɓa shiga ba.

Kaka Da Rani Na Sana'a

Biki ba kullum ba ne. Ya kan yi yawa bayan kaka, da lokacin hutun ƙarshen shekara, da kuma gab da azumi. In watan azumi ya kama kuwa sai kasuwa ta yi tsit. Mai hoton da ya dogara ga biki kaɗai zai sha wuya. Shi ya sa su ke haɗawa da hoton fasfo, da suna, da saukar karatu, da bikin yaye ɗalibai, da hoton yara ranar Salla, da hoton kayan 'yan kasuwa masu talla a waya. Abin da aka samu a watan cika, a ware na watan rashi, a kuma raba aljihun shago da aljihun gida. In harka ta kafu, sai a yi wa sunan shago rajista a hukumar rajistar kamfanoni, don ma'aikatu da makarantu sun fi son hulɗa da mai takarda.

Game da waya kuwa, gaskiya ne ta ƙwace ƙananan ayyuka da yawa. Amma ranar biki kowane mai waya ɗan biki ne, hankalinsa na kan gaisawa da cin abinci. Mutum ɗaya ne kaɗai aka ɗora wa alhakin kada a rasa hoton kaka ta na sa wa amarya albarka.

Shawara

Ɗan'uwana ɗalibi, kada ka matsa wa mahaifinka ya sayar da gona ko ya ci bashi don ya saya maka babbar kyamara ranar da ka gama makaranta. Fara da wayar da ke gida, ka koyi kallon haske: na safe, na la'asar, na bakin taga. Nemi ubangida mai mutunci ka riƙe masa jaka da fitila lokacin hutu, ka ga yadda ya ke magana da dattawa, da yadda ya ke tsara mutum 40 su tsaya wuri ɗaya ba tare da tsawa ba. In ka fara samun ƙananan ayyuka, ka yi hayar kyamara, ka sa kuɗin hayar cikin farashi. In za ka saya, ta hannu mai lafiya da ido mai lamba 50 sun isa, amma ka sa a duba maka yawan ƙiftawar da ta riga ta yi. Ka kuma ajiye littafin shiga da fita tun daga aikinka na farko.

Iyayenmu kuma, muna roƙonku da ladabi, in za ku ɗauki mai hoto ku nemi ganin albam guda cikakke na bikin da ya taɓa yi, domin hoto biyar masu kyau kowa na iya tsintowa. Ku tambaye shi kyamara nawa zai zo da su, da inda ya ke ajiye aiki. Ku yi tayi, ciniki ai sai da tayi, amma ku tuna araha ba ta ado. In kuma ɗanku ko 'yarku ta nuna sha'awar sana'ar, kada a ɗauke ta shiririta. A taimaka mata da koyo wurin mutumin kirki, a kuma tsaya a ga ta iya lissafin da mu ka yi a sama kafin a zuba jari.

Kammalawa

A taƙaice, mai hoton biki ɗan kimiyya ne wajen sarrafa haske, ɗan kasuwa ne wajen yanke farashi, kuma amintaccen gida ne wajen abin da idonsa ya gani. In ya rasa na farko, hotonsa ba zai yi kyau ba. In ya rasa na biyu, shagonsa ba zai daɗe ba. In kuwa ya rasa na uku, ba gidan da zai sake buɗe masa ƙofa. Masu fita a bana, sana'a ta na nan ta na jiran mai haƙurin koyo, kuma da ruwan ciki a kan ja na rijiya.